Kafin ka sayi tsohon sule ko kwabo, duba ko an wanke shi

Duk wanda ya fara harkar tara tsofaffin kuɗi a nan Bauchi zai lura da abu guda, yawancin sulalla da kwabban da za a miƙo maka an riga an dirje su tas. Galibi kuma ba da mugun nufi ba ne, mutum ne ya buɗe tsohuwar adakar kakarsa ya tarar da ƙullin aninai da sisi-sisi sun yi baƙi ƙirin, ya ji labarin wai ana sayensu, sai ya ce to bari in gyara kaya kafin in kai kasuwa, ya samo toka da lemun tsami ko tsamiya ya zauna ya yi ta aiki har sai sun yi wal-wal. A ganinsa ya ƙara musu daraja. A wajen masu tara kuɗin kuwa ya kashe su ne, don fatar saman kuɗi, wato abin da injin bugawa ya bari da launin da shekaru suka ɗora a kai, in ta tafi ta tafi kenan babu maƙerin da zai dawo da ita. Manyan kamfanonin tantance tsabar kuɗi na Amurka irin su NGC da PCGS suna ba kuɗi maki daga 1 zuwa 70, amma da sun ga alamar wanki ba sa ba shi maki sam, rubutawa kawai suke a jikin robar da suka rufe shi cewa wankakke ne, daga nan kuma farashinsa ya faɗi.

Kafin ma a zo maganar gane wanki sai ka san da wane ƙarfe aka yi abin da ke hannunka, don kowane ƙarfe da irin tsufansa. Anini na farko, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, ya fito a 1907 kuma da alminiyom aka yi shi, daga 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel mai fari-fari, irin wanda aka yi dari, wato rabin kwabo, da kwabo masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, sai a 1952 aka mai da su tagulla. Taro, sisi, sule da fataka, wato sule biyu, sun fara fitowa a 1913, azurfa ce mai kyau kashi 92.5 cikin ɗari, zuwa 1920 da azurfa ta yi tsada aka rage ta zuwa rabi sannan aka bar ta gaba ɗaya aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Saboda haka in aka nuna maka sule mai 1938 ko 1947 yana fari fat aka ce azurfa ne, to akwai magana, ko an shafe shi da wani abu ko jabu ne. Kuɗin Tarayyar Najeriya na 1959, su taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga da sisi mai koko, babu azurfa a cikinsu ko ɗigo, haka ma na 1973 da aka shigo da naira da kobo, har da kobo 25 ɗin nan mai dalar gyaɗa. Azurfa in ta tsufa toka-toka take yi zuwa baƙi, wani lokaci da ɗan shuɗi ko ruwan zuma a gefe. Tagulla ruwan ƙasa take komawa mai duhu. Mai nikel shi dusashewa kawai yake yi, ba ya cika yin baƙi.

Kayan aiki ba wasu masu yawa ba ne. Fitila guda mai ƙarfi, tocilar waya ma ta isa, sai gilashin ƙara girma mai ninki biyar zuwa goma irin wanda masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Kar ka duba kuɗi a tsakiyar rana a fili, haske ya yi yawa komai sai ya yi maka kyau, kuma kar ka duba a ƙarƙashin doguwar fitilar shago mai watsa haske ko'ina don ita ma ɓoye ƙarce take. Ka ja jiki cikin inuwar rumfa, ka kunna tocila ɗaya ka haska daga gefe. Riƙon kuma a baki-baki ake yi da babban yatsa da manuni, ba a ɗora yatsa a fuskar kuɗi, gumi yana barin tambari wanda bayan wasu watanni zai fito ɓaro-ɓaro kuma ba ya fita.

Wani abu da za ka yi saurin tarewa, da yawa masu sayarwa kafin su miƙo maka sai sun goga kuɗin a gefen riga ko hannun babbar riga, wai su share maka ƙura. Ka ce Baba bar shi haka don Allah, a yadda yake nake so. Ƙurar hunturun nan tamu akwai ɓurɓushin yashi a ciki, yashi kuwa ya fi azurfa da tagulla tauri, gugar nan guda da ka raina tana iya barin zane.

To gwaji na farko, wanda a ganina ya fi duk sauran amfani kuma ba ya buƙatar gilashi ma, shi ne ka auna cinyewar kuɗin da ƙyallinsa ka ga ko sun yi daidai. Ɗauki sulen 1913 misali. A gaba kan Sarkin Ingila Joji na biyar ne da kambi, a baya bishiyar kwakwar manja, shekarar ta rabu biyu 19 a hagu 13 a dama. Duba wuraren da suka fi tudu, gemun sarkin da gashin da ke saman kunne da adon da ke jikin kambin, sannan ganyen kwakwar. In waɗannan wuraren sun shafe sun yi sumul, gemu ya zama dunƙule guda ba ka iya rarrabe silin gashi, ka san wannan sule ya sha yawo, ya shiga aljihu ya fita, ya shiga lalita ya sayi goro ya biya haraji shekara da shekaru. Kuɗin da ya sha wannan wahalar ba yadda za a yi ya kasance yana walƙiya. In ya cinye kuma yana ɗaukar ido, an wanke shi, ba sai ka tambayi kowa ba. Mafi yawan abin da za ka ci karo da shi wajen 'yan koli a kasuwar Wunti ko a kasuwannin ƙauye irin su Soro da Darazo a wannan gwajin kaɗai zai faɗi.

Inda abin ke da ɗan wuya shi ne kuɗin da bai cinye sosai ba, wanda zai yiwu ƙyallin nasa na asali ne. A nan sai ka san yadda ƙyallin asali yake. Lokacin da inji ya danne ƙarfen da ƙarfi don fito da zane, ƙarfen yana malala ne daga tsakiya zuwa baki, sai ya bar wasu layuka ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, su ne ke kama haske. In ka riƙe irin wannan kuɗin a ƙarƙashin tocila kana karkata shi a hankali kana juyawa, za ka ga wani zirin haske ya ratsa fuskar daga baki zuwa baki ta tsakiya, kana juyawa yana zagayawa tare da kai. Wankakke ba ya yin haka. Shi ko dai duk fuskar ta haska lokaci guda ta kashe maka ido sannan ta mutu lokaci guda, ko kuma hasken ya tsaya cak wuri ɗaya bai san zagaye ba. In ba ka taɓa ganin na asalin ba, nemi sabuwar tsabar kuɗi ta kowace ƙasa wadda ba ta shiga hannu ba, irin wadda alhazai ke dawowa da ita daga Saudiyya a aljihun jaka, ka yi ta juya ta a haske har idonka ya saba. Wanda ya ga wannan zagayen sau ɗaya da wuya a sake sayar masa da gogagge a matsayin sabo.

Sai ƙarce. Kuɗin da ya yi yawo dole a samu tabo a jikinsa, nan ɗan rami can ɗan yanka, kowanne ya kalli gabas ɗinsa, wannan ba komai ba ne. Abin da kake nema shi ne siraran layuka masu yawa da suka jeru suka kalli wuri ɗaya, ko suka yi da'ira, waɗanda ba ka ganinsu sai ka karkata kuɗin ya kai wani kusurwa sannan su bayyana gaba ɗaya, ka ƙara karkatawa su ɓace. Shi ya sa ake juyawa a hankali ta kowane ɓangare, wanda ya kalla sau ɗaya ya mayar bai duba ba. Fili mai santsi ya fi nuna su, gaban fuskar sarki da bayan ƙeyarsa, da kumatu. Tsumma da man goge baki ko man gogen ƙarfe na Brasso suna barin masu laushi, toka da yashi sun fi zurfi, soson ƙarfe kuwa ba a magana, ko makaho ya shafa zai ji.

Amma fa a yi hattara a nan kar a zalunci kuɗi mai kyau. Wani lokaci a can gidan buga kuɗin ne aka goge hatimin bugawa, sai layukan gugar su fito a jikin kowane kuɗi da aka buga da shi. Bambancin shi ne waɗannan layukan tudu ne, sun taso sama, kuma in sun iso harafi ko kan sarki sai su tsaya su ci gaba a ɗaya gefen kamar sun bi ta ƙarƙashi. Na wanki kuwa rami ne, kuma hawa suke kan harafi da fuska da komai ba ruwansu, sannan sukan tsallake ɗan lungun da ke gindin harafi inda tsumma bai kai ba. Da gilashi mai ninki goma za ka rarrabe.

Wannan lungun gindin harafi ma shi ne babban mai tona asiri. Mai wanki yana samun fili da tudu ne kawai, cikin haruffa da tsakanin ganyen kwakwa da kusurwoyin tauraron kwabo hannunsa ba ya shiga, sai ka ga fili ya yi fari ƙal amma kowane harafi na zagaye da baƙi, tamkar mai shafa man bilicin, fuska ta yi fari gaɓoɓin yatsu sun ƙi. Kuɗin da ya tsufa da kansa shi ma lungunansa sun fi duhu, gaskiya ne, sai dai duhun a hankali yake sajewa da na fili, babu iyaka mai kaifi tsakaninsu. A masu huji ka leƙa cikin hujin, a masu azurfa ka duba tsaga-tsagan baki. Sau da yawa nan za ka tarar da ragowar abin da aka yi wankin da shi, farin gari ya bushe a cikin harafi, ko kore-kore mai kauri na man gogen ƙarfe. Ka kuma sansana, ba abin kunya ba ne, Brasso da man goge baki da kalanzir duk suna daɗewa ba su bar wari ba.

Tagulla ita launi ke kama ta. Kwabon 1959 ko kobo ɗaya na 1973 mai hoton rijiyoyin mai in an jiƙa shi a ruwan tsamiya ko lemun tsami ko lemon kwalba, tsamin yana cinye fatar saman ne ya bar ƙarfen tsirara, sai ya fito wani irin ja-ja mai ruwan hoda, busasshe, ba ƙyalli ba armashi. Sabon kwabo na gaske jan nasa mai ɗumi ne da ruwan lemo a ciki kuma yana da zagayen hasken nan da na faɗa. In an daɗe da yin wankin launin yakan fara dawowa amma dabbare-dabbare, nan duhu can haske. In kuma ruwan batir aka sa, wanda wasu ke yi don sauri, za ka ga fuskar ta yi ƙananan ramuka ko'ina ta yi kaushi, haruffa sun sirance, wannan kam ko kyauta aka ba ka sai dai ka ba yara.

Azurfa kuma akwai wankin da ba ya barin ƙarce ko ɗaya, wanda ake tsoma ta a ruwan magani irin na masu sayar da sarƙa da 'yan kunne a ciro ta fari tas cikin daƙiƙu. Baƙin da ke kan azurfa haɗuwarta ce da farar wuta da ke cikin iska, maganin yana narkar da shi amma yana tafiya da ɗan ƙarfen ma, in aka maimaita sai layukan nan masu kama haske su cinye. Abin da zai rage fari ne mai dusashe, ko'ina launi ɗaya har cikin lunguna, babu duhu ko kaɗan. Sulen da ya haura shekara ɗari a ce ko a gindin harafi ɗaya babu duhu, ai da sake.

Akwai kuma 'yan dabara, su ba cikin rashin sani suke yi ba. Wani zai sa buroshin waya na inji ya bi fuskar kuɗin don ya kwaikwayi ƙyallin asali, daga nesa sai ka rantse sabo ne, amma a gilashi za ka ga ƙarfe ya taru ya yi ɗan tudu a gefe guda na haruffa inda buroshin ya turo shi. Wani kuma bayan ya wanke ya gane ya yi ɓarna sai ya nemi mayar da tsufa, ya turara shi a hayaƙi ko ya rufe shi da dafaffen ƙwai don farar wutar da ke cikin ƙwan ta baƙanta shi. Irin wannan launin a sama yake zaune, yakan yi shuɗi ko shunayya mai ƙarfi da yawa, ya hau tudu da rami daidai wa daida, kuma in ka karkata a tocila ƙarcen yana nan a ƙarƙashinsa. Mafi sauƙi a cikinsu shi ne shafa mai, ɗan basilin ko man gyaɗa yana cike siraran layuka ya ɓoye su na ɗan lokaci. Kuɗin da ka ji yana santsi ko yana maiƙo a baki, ajiye shi.

Kar a manta da cewa a ƙasar nan tamu kuɗin azurfa ado ne kafin ya zama kayan tarawa. Matan Fulani sun daɗe suna jera sulalla da fataka a kitso da wuya, haka babbar azurfar nan mai kan Sarauniya Mariya Teresa ta Austria da tsofaffi ke kira liyari. Wanda aka yi ado da shi kusan kullum gogagge ne don mai shi tana son ya yi haske, kuma an taɓa huda shi ko an lika masa kunne. Duba baki daidai saman kai, in ka ga wuri ya yi faci, tsaga-tsagan sun ɓace ko launi ya bambanta, to an cire kunne ne aka goge wurin, ko an toshe huji. Wutar maƙeri ma tana barin fuskar ta yi fari-fari da ƙuraje. Game da liyari kuma, 1780 da ke jikinsa ba ita ce shekarar da aka buga shi ba a mafi yawan lokuta, an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a ƙasashe daban-daban har zamaninmu, don haka kar wani ya ɗaga maka farashi da ita.

In a Facebook ko WhatsApp ake cinikin, hoto ɗaya ba ya isa, hoto ma shi ya fi komai iya ƙarya. Ka ce a yi maka bidiyo, a kashe filashi, a riƙe kuɗin a baki a juya shi a hankali kusa da taga ko a hasken tocila ɗaya, gaba da baya da gefe. Wanda ya turo hoton kuɗi a jiƙe ko kwance a tafin hannu cikin rana tsaka, ka ce ya sake. In ya ƙi ko ya fara cewa ai wasu na jira, bar musu.

Tambayar mai kaya ma da yadda ake yinta. In ka ce Baba an wanke wannan ne, da fuskar tuhuma, amsar da za ka samu ita ce wallahi haka na same shi. Amma in ka ce kai Baba wannan ya sha gyara, da me aka fito da shi haka, sau da yawa da murna zai ce maka ai yaro toka ce da tsamiya, jikana ya kwana yana yi. To ka ji gaskiya ba tare da an ɓata ba. Daga nan sai ka gaya masa yadda abin yake, ka ce Baba in akwai saura a gida don Allah kar a taɓa su, a kawo su da dattinsu zan fi biya da kyau. Da wuya ya yarda a karon farko don abin ya saɓa wa hankali, amma in ya ga ka biya baƙin sule fiye da farin zai gane.

Wankakke ba wai ba a sayensa ba ne sam, farashin ne zai sauka. Yawancin kuɗin nan miliyoyi aka buga, har kwabo da dari da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga mulki a Disambar shekarar, da ake ta zuzutawa, suna da yawa kuma ba su da tsada. Irin waɗannan in wankakku ne ka wuce kawai, mai kyau zai zo. Na azurfa da aka dirje kuwa ka yi lissafinsa a kan nauyin azurfarsa, sule na kafin 1920 giram 5.65 ne, azurfar ciki wajen giram 5.2, fataka ninkinsa, liyari giram 28 da ɗan ɗoriya azurfarsa wajen giram 23.4, ka tambayi maƙeran azurfa nawa giram yake a ranar ka san inda za ka tsaya. Sai in shekarar ko ɗan harafin gidan bugawa, irin H ko KN da ake samu a jikin wasu, mai wuyar samu ne, nan za ka iya ƙarawa, shi ma ba kuɗin lafiyayye ba.

In ka kai gida kuma kar kai ma hannunka ya yi ƙaiƙayi. Wanda aka tono daga ƙasa da laka a jiki a jiƙa shi a ruwa mai tsabta lakar ta saki da kanta, a ɗora a kan tsumma mai laushi ya bushe ba tare da guga ba, iyakarta kenan. Tagullar da ka ga tana fitar da koren gari mai laushi, wanda in an kakkaɓe yake dawowa, ware ta daban a wuri busasshe don ciwo ne mai cin ƙarfe kuma damina na ƙara masa ƙarfi. Sauran kowanne a sa shi a 'yar ambulan ta takarda shi kaɗai, ban da leda mai laushi don tana sa kore mai danƙo in an daɗe, a rubuta shekara da inda aka saya da nawa aka biya, in wankakke ne a rubuta hakan a jiki.